Wata bakwai a akwatin ƙarfe: abin da ya sami sabuwar kyamarar ɗan ƙanwata

Ranar wata Talata a ƙarshen Agustan 2024, bayan la'asar, ɗan ƙanwata ya shigo shagona da ke Mabera a Sakkwato rungume da baƙar jaka. Ya ɗora ta kan teburin da nake yanka hotuna, ya gaishe ni a tsaye, abin da bai saba yi ba.

"Kawu, kyamarag ga ta ƙi tashi."

"Wadda wanka ya aiko?"

"Ita. Yau Inna ta buɗe akwati ta ba ni. Na kunna, shiru. Na sa batir a caja tun hantsi, fitila sai ƙiftawa takai, ta ƙi tsayawa."

Da na zuge jakar, warin kafur ne ya fara dukan hancina, sai ƙamshin turaren wuta a bayansa. Kyamarar kuwa fes take, ko ƙwarzane babu, har ledar da ke manne a kan allonta ba a ɓare ba. Na ce ya miƙo batir ɗin. Na kwantar da shi a kan gilashin tebur, na danna gefe ɗaya da yatsa, sai ɗaya gefen ya ɗaga. Lafiyayyen batir yana kwanciya daram a kan gilashi, wannan kuwa ya yi ciki. Kumburin bai kai wanda ido zai gani daga nesa ba, amma ya isa. Na tambaye shi yadda ya fito da shi daga cikin kyamarar, ya ce da ƙyar, sai da ya sa bayan cokali. Na ɗauko mitar awon wuta na ɗora a bakin ƙarafan batir ɗin. A jikinsa an rubuta bolt 7.4. Mita ta nuna sifiri.

Na rubuta wannan lamari dalla-dalla ne domin babu wanda ya yi sakaci a cikinsa. Kowa ya yi abin da yake ganin shi ne kulawa, kuma kulawar ce ta kashe batir ɗin.

Yaron yana shekararsa ta ƙarshe a karatun aikin jarida. Tun yana firamare yake bi na wuraren biki yana riƙe mini fitila, kuma na san hannunsa zai faɗa a wannan sana'a. Wansa da ke aiki a Dubai ya daɗe yana tara masa kuɗin kyamara, har Allah ya nufa a farkon Fabrairu ya ba wani ɗan kasuwa mai dawowa ta Kano ya taho da ita. Irin kyamarar nan ce mai madubi a ciki da ake sauya mata lensi, ta masu fara sana'a. A kwalin akwai jikin kyamarar, da lensi mai zuƙowa daga milimita 18 zuwa 55, da caja, da batir, da igiyar ratayawa, da littafin bayani. Wan nasa ya ƙara masa katin memori da batir na biyu, na kamfanin, a rufe cikin ledarsa. Ya cusa shi ƙarƙashin kwalin ciki tare da rasit.

Uwarsa ta ga kayan, ta yi murna, ta sa albarka, sannan ta yanke hukunci: ba zai taɓa ta ba sai ya gama jarrabawar ƙarshe. Ta san ɗanta. Ta san da an sha ruwa an yi Sallah bukukuwa za su ɓarke, kuma yaron da ke da sabuwar kyamara a hannu ba zai zauna aji ba. Har gobe ina ganin hukuncin nan daidai ne.

A daren yaron ya kira ni a waya. Ina wurin walimar aure a Gawon Nama, ga hayaniya, ga ango ana jira. Ya ce, "Kawu, ya za ni aje ta?" Na ce ya adana ta da kyau, kada ƙura ta shiga, na kashe waya. Wannan ita ce amsar da na ba shi, kuma ita ce rabona a cikin abin da ya faru. Shekara ashirin da ɗoriya ina wannan aiki, na san maganar ba ta tsaya ga ƙura ba. Da na ce ya kawo ta shago da safe, da minti goma ya ishe mu.

Ga abin da ya yi, kamar yadda ya ba ni labari ina tambaya yana amsawa. An kawo wuta wajen ƙarfe goma na dare, ya sa batir a caja ya bar shi har asuba, domin haka ya ji manya na cewa ana yi wa sabon batir. Da gari ya waye ya fito tsakar gida, hazo bai gama ɗagawa ba, ya cire murfin jikin kyamarar ya tsaya yana leƙen madubin ciki, ya ɗaura lensi, ya ɗauki hotuna kamar ashirin: uwarsa tana tankaɗe, akuya a turke, bishiyar dogon yaro da ke ƙofar gida. Sai ya mayar da batir caja ya sake cika shi taf, don ranar da za a ba shi ya same ta a shirye. Ya zura shi cikin kyamarar. Allon ya mutu da kansa bayan ɗan lokaci, sai ya ɗauka ta kashe kenan, bai mayar da makunnin ba. Ya naɗe ta da tsohon zane ya miƙa wa uwarsa.

Ita kuma ta ajiye ta inda take ajiye duk abin da take ji da shi: akwatin ƙarfenta na aure, tsakanin atamfofi da lesuka, da ƙwayoyin kafur a kusurwa huɗu saboda kyankyasai. Ta datse da kwaɗo. Aka ɗora akwatin a saman sif, a ɗakin bulo mai rufin kwano da ba a yi wa silin ba, wanda bangonsa na yamma ke shan rana tun daga azahar har faɗuwarta. Tsakanin murfin akwatin da kwanon rufi bai fi kamu uku ba.

Kwalin kuwa, da littafin bayani da rasit da batir na biyun da ko saninsa bai yi ba, sai aka tura shi ƙarƙashin gadon kakarsa, a tsohon ɗakin ƙasa mai rufin azara da ke can ƙuryar gida.

Da ya ambaci kwalin na ce ya hau babur ya ɗauko. Kafin magariba ya dawo. Muka zazzage, batir na biyu ya faɗo. Na yage ledarsa na ɗora mita: bolt 7.4 da 'yan ɗigo. Na kwantar da shi kan gilashi, bai motsa ba. Na zura shi cikin kyamarar, ya shige sumul, na murɗa makunni, allo ya kawo haske yana tambayar kwanan wata. Yaron ya sulale kan benci ya ce alhamdu lillahi har sau uku.

Batura biyu ne iri ɗaya, daga kamfani ɗaya, sun shigo gida ɗaya a rana ɗaya. Wanda aka yi wa hidima ya mutu, wanda aka manta da shi ya rayu. A nan ne ya kamata a tsaya.

Batir ɗin kyamara na zamani na litiyam ne, irin na wayoyinmu. Kamfanin Sony ne ya fara fitar da irinsa kasuwa a 1991, kuma mutum uku da suka yi aikin ƙirƙirarsa, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, sun sami kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2019. Wanda ke hannunmu ƙwaya biyu ne aka haɗa a ciki, kowace bolt 3.7, shi ya ba da 7.4. A cikin kowace ƙwaya akwai siraran falle biyu a naɗe: ɗaya na jan ƙarfe da aka shafe da irin baƙin da ke cikin fensir, ɗaya na alminiyam da aka shafe da sinadari mai litiyam, da ruwan sinadari a tsakaninsu. Idan ana caji, litiyam na ƙaura daga wannan falle zuwa wancan, idan ana aiki ya komo. Ƙwayar da ta cika taf tana kai bolt 4.2.

Matsalar ita ce a wannan matsayi na cika batir ba ya cikin natsuwa. Kamar igiyar guga ce da aka bari da cikakken guga a rataye: ko ba a ja ba, tana cin kanta. Ruwan sinadarin yana ta ma'amala da fallayen a hankali, yana cinye wani ɓangare na litiyam ɗin da ba zai dawo ba, yana kuma fitar da iskar gas kaɗan-kaɗan. Iskar nan ba ta da mafita, ita ce ke kumbura batir. Wannan lalacewa tana faruwa ko a ƙasa mai sanyi, sai dai a can tafiyar hawainiya take yi. Zafi ke sa mata ƙafa. Masana sinadarai na da wani ƙiyasi da ya samo asali daga aikin Svante Arrhenius, ɗan ƙasar Suwidin, tun 1889: duk ƙarin digiri 10 na zafi yakan kusan ninka saurin irin wannan ma'amala. To a lissafa. Masu ƙera kyamara suna son a ajiye batir tsakanin digiri 15 da 25 a ma'aunin Selshiyos, haka littattafan Nikon ke cewa. Mu a Sakkwato daga Maris zuwa Mayu ma'auni na yawan haura 40 a inuwa, dare ma ba ya ba da wani sauƙi. Bazarar 2024 kuwa ta fi ta kullum tsanani a duk yankin Sahel, azumi ya faɗo cikinta, har a garin Kayes na ƙasar Mali aka auna digiri 48.5 ranar 3 ga Afrilu. Wannan duk lissafin inuwa ne. Wanda ya taɓa hawa ya taɓa kwanon rufi da azahar a watan Afrilu ya san abin da akwatin ƙarfe zai zama a kamu uku ƙarƙashinsa. Ita kanta kyamarar, iyakar zafin da aka rubuta mata na aiki digiri 40 ne.

Wannan ne bugu na farko: cikakken caji cikin tsananin zafi, wata uku cur.

Bugu na biyu ya zo ta ɗaya ɓangaren. Kyamara ko an kashe ta tana ɗan tsotsar wuta daga batir, don riƙe agogonta da wasu 'yan abubuwa. Littattafan Canon sun faɗi haka ƙarara, sun ce a cire batir idan za a daɗe ba a yi aiki ba, sun kuma ce ajiye shi a cike na rage masa ƙarfi. Kyamarar da aka bari makunninta a kunne kuwa barci kawai take yi, tana jiran a taɓa maɓalli ta farka, kuma a cikin akwatin da ake buɗewa ana tura zannuwa, Allah kaɗai ya san sau nawa wani abu ya danne ta. Ga shi zafi na ƙara wa batir saurin zubar da cajinsa da kansa. A nawa hasashen, kafin damina ta kankama batir ɗin ya riga ya ƙare, ya zauna a ƙare har Agusta. Idan kyamara ta nuna batir ya ƙare, akwai sauran ɗan abu a ciki da aka bari da gangan. Amma idan aka bar shi haka wata da watanni, sai ƙwayar ta gangara ƙasa da bolt 2.5, in ta ci gaba da sauka jan ƙarfen da ke ciki ya fara narkewa cikin ruwan sinadari. Idan aka zo aka tilasta masa caji, jan ƙarfen nan na iya taruwa inda bai dace ba ya haɗa fallayen biyu, daga nan sai zafi, wani lokaci sai wuta. Saboda haka ne aka sa wani ɗan allon tsaro a cikin kowane batir na kirki, wanda ke datse hanya idan wuta ta yi ƙasa da kima. Shi ya sa mitata ta nuna sifiri, shi ya sa caja ta yi ta ƙiftawa ta ƙi karɓa. Na gaya wa yaron ya gode wa Allah da cajar ta ƙi, domin daga hantsi zuwa la'asar ya bar kumburarren batir jone da wuta a kan katifa, ya ja ƙofa ya fita.

Na biyun fa, me ya cece shi? Abu uku. Bai cika ba kuma bai ƙare ba, domin daga masana'anta ba a cika batir, da ɗan caji ake fito da shi. Tun daga Afrilun 2016 ma dokar sufurin jiragen sama ta hana a yi jigilar baturan litiyam su kaɗai a jirgin kaya da cajin da ya wuce kashi 30 cikin 100. Sannan ba a jone yake da komai ba, babu mai tsotsarsa, sai ɗan abin da yake zubarwa da kansa, kashi biyu ko uku cikin 100 a wata idan wuri ba zafi. Na uku shi ne ɗakin tsohuwa. Katangar ƙasa mai kauri da rufin azara ba sa barin zafin rana ya ratsa da wuri, kuma ƙasan ɗaki ya fi samansa sanyi. Kakanninmu da suka gina irin waɗannan ɗakuna a Kanwuri da Ƙofar Rini ba batir suke tunani ba, amma a duk gidan nan babu inda ya fi ƙarƙashin gadon nan dacewa da shi.

Maganar a yi wa sabon batir caji na awa takwas, wadda ta ja yaron ya kwana da caja, tana da asali. Ta zamanin baturan nikel ce, lokacin wayoyin Nokia na farko da tocilolin caji da tsoffin kyamarorin bidiyo. Wasu daga cikin waɗancan idan ana yi musu caji rabi-rabi sukan rage aiki, sai aka saba a cika su taf a kuma ƙarar da su tas. Zamanin ya wuce, maganar ta zauna a bakin mutane. Na litiyam ba ya buƙatar haka ko kaɗan. Irin wannan awa biyu ke cika shi, kuma da fitilar caja ta nuna ya cika sai a zare.

Da muka gama da batura sai na juya kan kyamarar kanta, kuma a nan labarin ya fi daɗi. Jikin kyamara yana da haƙuri. Agogonta ya koma farko, wannan ba komai, saita shi minti ɗaya ne. Na cire lensi na haska shi da tocilar waya ta baya ina juyawa, ina neman zaren fumfuna, irin farin abin nan mai kama da saƙar gizo da ke tsirowa a jikin gilashi idan laima ta yi yawa. Ban ga komai ba. A nan busasshiyar iskarmu ta yi mana rana: abokan sana'armu na Legas da Fatakwal fumfuna ce babbar abokiyar gabarsu, mu kuwa sai a Yuli da Agusta da Satumba muke tunawa da ita. Amma damina biyu ko uku a tsakanin zannuwa, waɗanda ke shan laima su riƙe, da labarin ya sauya.

Kafur ɗin ne ya dame ni. Robar da ke mariƙin kyamarar ta fara yin fari-fari, kuma warin ya shiga har cikin ramin batir. Littattafan Nikon sun ambaci kafur da sunansa, sun ce kada a ajiye kyamara tare da shi. Tururinsa ba ya jituwa da roba da leda. Hayaƙin turaren wuta kuma maiƙo ne da shi, yana kwanciya a kan gilashi. Na goge mariƙin da ɗanyen ƙyalle mai laushi, na bar ta a buɗe kwana biyu a cikin durowar shago, warin ya ragu.

Sai na fita ƙofar shago na matse ƙofar hasken lensi zuwa 22, na ɗauki sararin sama. Da na zuƙo hoton a kwamfuta, ga ɗigo huɗu baƙi-baƙi a sama ta hagu. Ƙurar hunturun Fabrairu ce, tun ranar da ya tsaya a tsakar gida yana leƙen madubi. Ƙurar hazo laushi gare ta kamar garin alkama, kuma ba ta buƙatar gayyata. Na ɗaga madubi, na kifa kyamarar, na hura mata iska da 'yar robar hurawa. Uku suka fita, na huɗun sai da na sa abin gogewa na musamman. Na ja kunnensa: ba a hurawa da baki, ba a sa auduga, ba a sauya lensi a fili lokacin hazo. A shiga ɗaki ko mota, a kifa bakin kyamarar ƙasa, a yi sauri.

Abin da ya fi ba ni takaici bayan batir shi ne rasit. Irin takardar nan ce mai santsi da inji ke bugawa da zafi, ba da tawada ba. Ko a ɗakin tsohuwa rubutun ya dushe, da ƙyar ake karanta kwanan wata. Da a akwatin ƙarfe take da ta tafi gaba ɗaya. Garantin kyamara galibi shekara ɗaya ne, kuma daga ranar saye yake fara ƙirgawa, ba daga ranar da aka fara aiki ba. Wata bakwai sun tafi a banza. Ga shi kayan da aka sayo a wata ƙasa sau da yawa garantinsu a can yake aiki. Da a ce kyamarar ta zo da lahani daga masana'anta, hotuna ashirin ɗin nan da ya ɗauka ne kaɗai za su nuna, kuma ni da na gani, wannan ɗaukar ita ce abu mafi kyau da ya yi a duk lamarin. Duk wanda aka aiko wa sabuwar kyamara, ko sai baɗi zai fara aiki da ita, ya buɗe ta a makon da ta iso, ya gwada kowane maɓalli, ya gwada filasha da bidiyo da katin memori, ya ɗauki hoton rasit da lambar jikin kyamarar da wayarsa. Masu barin kaya a kwali wai kada su tsufa, batir na tsufa a kwalin tun ranar da ya bar masana'anta.

Washegari ƙanwata ta zo shago da kanta, ranta a ɓace.

"Yaya, ni na ɓata mishi kaya ko?"

Na ce mata a'a. Ta ba kyamarar wuri mafi daraja a ɗakinta, inda take ajiye gwal ɗinta, kuma babu wanda ya gaya mata batir ba gwal ba ne. Wanda ya kamata ya faɗa shi ne ni.

Ta ce to da firji ta sa? Tambayar na da tushe, domin ta sha ganin na jera fim a firjin gidana zamanin da muke wanke hoto. Na ce mata firji a garin nan bai dace da batir ba. Ana ɗauke wuta ya huce, a kawo ya yi sanyi, kowane juyi raɓa ke kwanciya a jikin abin da ke ciki, kuma ruwa a bakin ƙarafan batir tsatsa ce. Ba sanyin ƙanƙara ake nema ba. Wurin da mutum zai iya yin ƙailula da azahar ba tare da ya jiƙe da zufa ba, shi ake nema.

Mataccen batir ɗin ban bar shi ya koma gida ba. Akwai masu gyaran waya da ke taɓa irinsa da wata wutar kai tsaye su tayar da shi, kuma wani lokaci yakan tashi. Wanda ya kumbura ba a yi masa haka, don abin da ya lalace a ciki ya lalace. Ba a kuma huda shi don a sace iskar. Ba a jefa shi bola, inda yara ke tone-tone kuma ake cinna wa shara wuta da yamma. Na liƙe bakin ƙarafansa da salatif, na binne shi cikin yashi a gwangwanin madara, na ajiye a bayan shago inda rana ba ta kaiwa.

Batun sayen wani ma sai da muka zauna a kai. Kasuwa cike take da jabu, masu ɗauke da sunan kamfani da tambarinsa, har da ɗan ƙyalƙyalin nan na jikin kwali. Na koya masa abin da nake yi: ya tafi da na gasken a aljihu, ya auna nauyinsu a tafin hannu, don jabu yakan fi sauƙi, ya dubi tsabtar rubutu da yadda aka haɗa bakin robar, ya kuma guji wanda aka shanya a teburin bakin titi rana na dukansa, ko da na gaske ne. Wasu jabun ba su da allon tsaron da ya cece shi a wancan karon. A ƙarshe wan nasa ne ya sake aiko da wani.

Yaron ya yi aikinsa na farko a Satumba, wani suna a Arkilla, da batir ɗin da ya kwana wata bakwai ƙarƙashin gadon kakarsa. Ya wuni da shi bai ƙare ba.

Yanzu an tura shi bautar ƙasa, kuma sansanin horo ba wurin zuwa da kyamara ba ne, inda za a kai shi bayan nan ma bai san yadda tsaronsa yake ba. Saboda haka ajiya ta sake tasowa, wannan karon a shagona muka shirya ta mu uku. Muka yi aiki da baturan biyu har alamar da ke allo ta sauko wajen rabi, muka cire su, kowanne da murfinsa na roba, muka sa a ƙaramar leda daban, nesa da makullai da tsabar kuɗi da duk wani ƙarfe da zai iya haɗa bakinsu. Muka kashe kyamarar da makunni, muka rufe lensi gaba da baya. Na sayo robar abinci mai murfi mai kamawa, na zuba 'yan ƙunshin silika masu tsotse laima da na tara daga kwalayen takalma da na magani, bayan na shanya su a rana sun bushe, muka sa kyamarar a ciki ba tare da zane ko jakarta ba. Robar tana ƙarƙashin gadon tsohuwa, a kan ɗan katako saboda sanyin ƙasa idan damina ta zo.

Masu kyamara sun ce a waiwayi batir aƙalla duk wata shida. Ni na ce wata uku, saboda garinmu. Ƙanwata ta ce ita ba ta iya riƙe lissafin watannin Bature, sai muka ɗaura shi a kan abin da ba ta mantawa: Mauludi, da watan Jimada na biyu, da azumi, da Babbar Sallah. Idan lokacin ya yi, ƙanin yaron ke kawo robar shago a kan keke. In zura kowane batir in duba alamarsa, wanda ya sauka in ba shi caji na rabin awa, in danna maɓallin ɗauka sau goma don kayan ciki su motsa, in haska lensi da tocila, in sauya silika. Zuwansa na ƙarshe tsohuwa ta haɗo shi da saƙo, wai in gaya wa jikanta kayansa na nan lafiya, kuma ta hana kowa kunna turare a ɗakin.